Alƙalamin itace zuwa bakin daga: tsarabar da masassaƙan Amurka ke aika wa sojojinsu

Idan watan Nuwamba ya kama a Amurka, sanyi ya fara shiga, wasu shagunan sayar da kayan aikin kafinta sukan canza kama na kwana ɗaya ko biyu. Ana jera ƙananan injinan juya itace, a ajiye kwalaye cike da guntayen katako waɗanda tsawonsu bai wuce tafin hannu ba. Duk wanda ya shigo, tsoho ne mai ritaya ko ɗalibar da ba ta taɓa riƙe ƙarfen sassaƙa ba, sai a ba shi tabarau na kariya, a tsayar da shi gaban inji, wani gwani na gefensa yana nuna masa. Kafin awa guda ta cika ya fidda alƙalami. Ba ya biyan ko sisi, amma kuma ba ya tafiya da shi gida. Alƙalamin na wani soja ne da bai sani ba, wanda ke aiki a wata ƙasa mai nisa ko yake kwance a asibitin soji.

Kamfanin Woodcraft, mai hedkwata a garin Parkersburg na jihar West Virginia, shi ke shirya wannan taro a shagunansa tun shekarar 2004, ƙarƙashin sunan Turn for Troops, wato a juya itace domin sojoji. Ana haɗa shi da ranar 11 ga Nuwamba, ranar da Amurka ta keɓe don tsofaffin sojojinta. A shekarar ta 2004 ne kuma wasu masassaƙa ƴan sa-kai suka fara irin wannan aiki da sunan Freedom Pens. Alƙaluman da aka yi ta waɗannan hanyoyi tuni suka haura 100,000, kuma ɗaya bayan ɗaya aka sassaƙa su da hannu.

Shekarar da abin ya fara tana da muhimmanci. Amurka ta shiga Afganistan a watan Oktoban 2001, ta mamaye Iraƙi a watan Maris na 2003. Zuwa 2004 an gane cewa yaƙin ba na ƴan watanni ba ne: sojoji fiye da 100,000 na jibge a Iraƙi kaɗai, wasu na shekara guda cur ba su ga iyalinsu ba.

Yadda guntun katako ke zama alƙalami

Wanda ya taɓa tsayawa wurin kafinta a Maradi ko Damagaram ya ga yadda ake fidda ƙafafun gado da na tebur masu zobe-zobe, ya riga ya san rabin aikin. Inji ne ke juya itacen da sauri, mai aiki yana kanga masa ƙarfe mai kaifi, ɓawo na tashi har siffar da ake so ta fito. Bambancin kawai, na alƙalami ƙarami ne ƙwarai, kuma ba ya yafe kuskure.

Ana farawa da guntun katako mai kusurwa huɗu, kaurinsa kamar santimita 2, tsawonsa kamar santimita 13. A raba shi biyu, a huda kowane rabi ta tsakiya da ƙarfen huji mai faɗin milimita 7, a shafa gam a zura siririn bututun tagulla a ciki. Wannan bututun shi ne ƙashin bayan alƙalamin. Itacen riga ce kawai. Idan gam ya kama, sai a daidaita bakin kowane guntu ya zo daidai da bakin bututun, a jera su a kan wata siririyar sandar ƙarfe, a ɗaura a inji.

Daga nan ne hannu ke nuna kansa. Ana cin itacen a hankali har abin da ya rage a kan tagullar bai fi kaurin milimita ɗaya ko biyu ba a wajen baki. Wanda ya yi gaggawa, ko ƙarfensa ya dakushe, sai ya ji ƙaras, itacen ya tsage, tagulla ta leƙo, aikin ya tashi a banza. Bayan siffa ta fito sai gugar takarda mai yashi, daga mai kaushi zuwa mai laushi, sannan a shafa kakin da ke sa ƙyalli. Da yawa sun fi son su yi masa rufi da gam mai kamawa nan take, irin wanda ake liƙe takalmi da shi, shafi bayan shafi, har ya yi sheƙi kamar gilashi, ya kuma jure gumi da ƙura. A ƙarshe ake danna masa kayan ƙarfe da aka sayo a haɗe: bakin rubutu, maƙalin aljihu, abin murɗawa da ƙwayar tawada. A taƙaice, cikinsa bik ne kamar kowane bik. Jikinsa ne babu irinsa biyu a duniya, domin zanen jijiyar itace ba ya maimaita kansa.

Mu da muka taso muna feƙe alƙalamin kara a makarantar allo ba baƙi ba ne wajen alƙalamin da hannu ya yi. Sai dai namu na yau ne, gobe a feƙe wani. Nasu ana yinsa ne don ya daɗe.

Itacen ma yana da labarinsa. Wasu suna amfani da ragowar da ta faɗo daga aikin tebur ko kabad, irin itatuwan ƙasarsu. Wasu kuma suna neman wanda ke ɗauke da tarihi, kamar katakon daɓen tsohon jirgin ruwan yaƙi ko na zaitun daga Baitalami. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, da yawa daga cikin itatuwan da masu wannan sana'a suka fi yabo daga Afirka suke fitowa: jan itacen padauk na dazukan Kamaru da Gabon, da wenge, da baƙin itacen eboni, wanda ɗan'uwan kanyarmu ne. Guntun da bai kai a hura wutar shayi da shi ba, a can kuɗi ake sa wa a saya. Kuma sarar irin waɗannan itatuwa ta yi yawa har ta kai tun 2017 yarjejeniyar CITES ta sa ido a kan cinikin wasunsu tsakanin ƙasashe, ciki har da madobiya, wadda aka yi ta kwasa daga Afirka ta Yamma zuwa Sin.

Me soja zai yi da alƙalami?

Tambaya ce da ta dace, musamman ga matashin da komai nasa a waya yake. Amsar farko ta aiki ce: rayuwar soja cike take da rubutu. Akwai rajistar gadi, da lissafin kaya, da rahoton sintiri, da lambobin taswira da ake karɓa ta rediyo a rubuta nan take. A wurare da dama ba a yarda a shiga da waya ba, wani wurin kuma ba wuta ba intanet. Kakin da rundunar ƙasa ta Amurka ta fara sawa a tsakiyar shekarun 2000 ma an ɗinka masa wurin soke alƙaluma a hannun riga na hagu. Ga shi ƙarami ne, ba ya ruɓewa, ba ya narkewa a zafin Bagadaza kamar cakulan, ba ya ƙara wa jaka nauyi.

Amma da amfani kawai ake nema, da kwalin bik guda na roba ya wadatar da bataliya. Abin da ake aikawa a zahiri shi ne awa ɗayan nan da wani ya tsaya gaban inji. Shi ya sa ake so kowane alƙalami ya tafi da ƴar takarda da mai sassaƙar ya rubuta da hannunsa: gaisuwa, godiya, wani lokaci da sunan itacen da garin da aka yi shi.

Don a fahimci dalilin da ya sa wannan ƴar takarda ke da nauyi, sai an duba yadda soja yake a cikin al'ummar Amurka. Tun 1973 aka daina ɗaukar soja dole, kuma a yau waɗanda ke cikin kaki ba su kai kashi 1 cikin 100 na jama'ar ƙasar ba. A nan gida da wuya ka samu unguwar da ba ta da ɗa a Difa ko Tilaberi, kowa ya san uwar da ke kwana da waya a hannu. A can kuwa mutum zai iya shekara ashirin ƙasarsa na yaƙi bai san ko soja ɗaya da ke bakin daga ba. Akwai kuma tabon Biyetnam: sojojin da suka dawo daga wancan yaƙin sun tarar da jama'a ta juya musu baya, fushin da ake yi da gwamnati ya sauka a kansu. Da yawa daga dattawan da ke tsayawa gaban injinan nan ƴan wancan zamanin ne, wasunsu ma su ne sojojin da aka ƙi tarba. Daga nan aka samo ra'ayin da ya kafu bayan 2001, cewa kana iya ƙin yaƙin amma kada ka ƙi yaron da aka tura.

Isar da saƙon ma ba kai tsaye ba ne. Da can Ba'amurke na iya rubuta wasiƙa ya sa mata adireshin kowane soja, a miƙa wa duk wanda ta faɗa hannunsa. A ƙarshen 2001, saboda wasiƙun da aka aika ɗauke da ƙwayar cutar antaraks, waɗanda suka kashe mutum 5, ma'aikatar tsaro ta dakatar da wannan tsari. Tun daga lokacin sai da sunan mutum takamaimai, ko ta hannun wani jami'i a rundunar da zai raba, ko ta ƙungiyoyin da ke haɗa ƙunshin tsaraba. Wannan ne ya sa masu sassaƙar suka zama dole su haɗu a ƙungiya, maimakon kowa ya aika nasa.

Inda alƙalami bai kai ba

Ba kowa ke kallon abin da ido ɗaya ba, har a cikin tsofaffin sojojin kansu. Akwai masu ganin cewa irin wannan godiya ta fi yi wa mai bayarwa amfani: ya sauke nauyin da ke zuciyarsa da awa guda, ya koma gida, ba tare da ya tambayi dalilin da ya sa aka tura yaron ba. Kuma maganarsu tana da ƙafa. Makaman ƙare dangin da aka kafa hujja da su wajen mamaye Iraƙi ba a same su ba. Sojojin Amurka kusan 4,500 suka mutu a can, wasu fiye da 2,400 a Afganistan, inda aka fice a watan Agustan 2021 Taliban ta koma mulki. Fararen hular Iraƙi da suka mutu sun haura 100,000 nesa ba kusa ba, kuma ba wanda ya sassaƙa wa iyalansu komai. Mu ma a nan mun ga wani yanki na wannan labarin: sojojin Amurka kusan 1,000 sun zauna a Nijar, akasarinsu a sansani na 201 da ke Agadas, huɗu daga cikinsu suka mutu tare da sojojinmu a kwanton ɓaunar Tongo Tongo ranar 4 ga Oktoban 2017, kafin hukumomin Yamai su soke yarjejeniyar a watan Maris na 2024, su kammala ficewa a watan Satumba.

A ganina masu sukar sun yi gaskiya a kan siyasa, amma sun raina abin da ke faruwa a gaban injin. Ɗan shekara 20 da ya shiga soja don ya samu kuɗin karatun jami'a ba shi ya zaɓi Iraƙi ba, kuma daren da yake gadi shi kaɗai ba muhawarar majalisa ke gabansa ba. Duk ɗan ci-rani da ya taɓa karɓar ƙullin kilishi ko yaji daga gida, a Legas ko Tripoli ko New York, ya san cewa ba yunwa abin ke kashewa ba.

Akwai kuma wani juyi da masu shirin ba lallai su yi hasashensa ba tun farko. Wasu daga cikin sojojin da suka dawo da rauni a jiki ko firgici a zuciya sun koma su ne ke sassaƙar. Aikin ya dace da su: ana iya yinsa a zaune, injin bai fi a ɗora a kan tebur ba, yana buƙatar hankali ya tattaru wuri ɗaya, kuma cikin awa guda mutum na riƙe da abin da ya gama da hannunsa. Wasu sun mai da shi ƙaramar sana'a, suna sayarwa a kasuwannin ƙarshen mako, har da samfurin da ake yi da kwanson harsashi, wanda ake buɗe shi kamar yadda ake ɗana bindiga.

Wani lokaci amsa takan dawo wa mai sassaƙar bayan watanni, a ambulan mai ƙura. Dokar Amurka ta ba sojan da ke yankin yaƙi damar aika wasiƙa gida ba tare da kan sarki ba. A kusurwar da ake liƙa shi, sai kawai ya rubuta kalmar "Free", wato kyauta, kuma sharaɗin shi ne ya rubuta ta da hannunsa.