Saita Sabon Kafireto a Tsohuwar A-kori-kura

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, masu tsofaffin Hilux da ke jigilar amfanin gona daga ƙauyukan Kiyawa zuwa kasuwar Shuwarin suka ƙara sa ido kan kafireto. Aikinsa gauraya iska da fetur, kusan kashi 15 na iska ga kashi 1 na mai, bisa nauyi.

Wanda aka sayo a shago ba ya zuwa daidai da kowane inji, sai bakanike ya saita sulo, wani lokaci ya canza jet. Baƙin hayaƙi a salansa da baƙin fulogi alamar mai ya yi yawa ce. Amma matse shi fiye da kima, wai don tsimi, yana sa inji zafi har ya ƙona bawul. Kafin a taɓa komai, a duba matatar iska, domin ƙurar hunturu kan toshe ta.