Ko Kun Sani?

Jiragen sama na farko da suka sauka Kano, ran 1 ga Nuwamba 1925, guda uku ne ƙirar DH.9A, masu fiffike hawa biyu. Daga Masar suka taso, suka yada zango a Maiduguri. Katako ne aka lulluɓe da yadi, shi ya sa mayaƙan saman Ingila ke shafa musu fenti ruwan azurfa mai garin alminiyam, don kada rana ta cinye yadin. To, mai ƙera kwatancinsu da kara ko kwali ya bar fenti ruwan kaki mai duhu, wannan na Yaƙin Duniya na Ɗaya ne. Tambarin jikinsu kuwa, shuɗi a waje, sai fari, ja a tsakiya.