Me Ya Sa Zancen Maƙarƙashiya Ke Shiga Rai?

A shekarar 2003, sa'ad da Hukumar Lafiya ta Duniya ke tsammanin ta kusa ganin bayan cutar shan-inna, sai jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da ɗigon rigakafi, bayan Dakta Datti Ahmed, shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'a a Nijeriya, ya bayyana tuhumar cewa an gauraya maganin da abin hana haihuwa da ƙwayar ƙanjamau. Kano ce ta fi daɗewa, domin ba ta koma ba sai a watan Yulin 2004, kuma a sanadiyyar wannan jinkiri cutar ta ƙetara zuwa ƙasashe wajen ashirin, har Yaman da Indunusiya. Tuhumar ba ta da asali, amma wanda ya ce jahilci ne kurum ya sa jama'a suka gaskata ta, lalle bai yi musu adalci ba.

A dubi halin magidanci wanda, in zazzaɓin cizon sauro ya kayar da ɗansa, sai ya wuni a layin asibiti, daga ƙarshe a miƙo masa takarda a ce ya je kemis ya saya. Sa'an nan wata safiya ga mata sun yi sallama da akwatin ƙanƙara a kafaɗa, su ɗiga wa yaron ɗigo biyu kyauta, su shafa masa tawada a ɗan yatsa, su yi zane da alli a ƙofar zaure, bayan 'yan makonni kuma su sake dawowa. Dole ya tambayi kansa: yaushe aka fara ƙaunata haka? Amsa ta gaskiya tana nan, watau ƙwayar shan-inna a jikin ɗan Adam kaɗai take rayuwa, don haka ana iya shafe ta daga duniya kamar yadda aka yi wa agana a 1980, shi ya sa masu ba da taimako suka zuba dukiyarsu a kanta; amma wannan bayani dogo ne, kuma ba a zauna an yi masa shi ba, alhali kuwa mai zancen makirci ya riga ya warware masa komai da jimla ɗaya.

Shubuha kuwa ba ta ƙarfi sai ta jingina da wata gaskiya. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gudanar da gwajin maganin Trovan da yara wajen 200, goma sha ɗaya suka rasu, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu ba, aka yi ta shari'a har aka yi sulhu a 2009 a kan dala miliyan 75. Ga shi kuma a wannan shekara ta 2003 Amurka ta afka wa Iraƙi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi gudu.

Akwai kuma abin da ke cikin ɗabi'ar zuciya, domin musibar da ba ta da mai laifi ta fi nauyin ɗauka a kan wadda aka san wanda ya ƙulla ta, kuma mai riƙe da sirrin da ya ɓuya ga sauran mutane yakan sami daraja a majalisa. Mafi muni shi ne, irin wannan zance ba ya karɓar raddi: in likita ya musa, a ce an saye shi, in aka rasa hujja, a ce ai ƙwarewar masu makircin ke nan.

A ganina, malaman hadisi sun riga kowa gane asalin matsalar, da suka raba tsakanin matani, watau abin da aka ruwaito, da isnadi, watau jerin masu ruwaya. Talaka ba shi da hanyar binciken abin da ke cikin kwalba, saboda haka ba matanin yake aunawa ba, masu ruwaya yake dubawa, ko amintattu ne a wurinsa ko abin tuhuma ne. Dalili ke nan da gwamnatin Kano ta Malam Ibrahim Shekarau ta amince a ci gaba da rigakafin bayan an samo maganin daga Indunusiya, ƙasar Musulmi, ko da yake aikinsa ɗaya ne da na baya. Kuma da Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya sa sarakunan Arewa cikin lamarin a 2009, hakimai da dagatai da masu unguwa suka shiga gaba, sai ƙofofi suka fara buɗewa. Duk da haka tuhumar ba ta mutu nan take ba, domin a Fabrairun 2013 an harbe mata tara masu aikin rigakafi a Kano, kuma sai a Agustan 2020 aka tabbatar ƙwayar cutar ta asali ta ƙare a Afirka.