Makaɗan jita masu cin guminsu

A ƙasar Maraɗi kowa ya san makaɗan fada. A Tibiri, ƙofar Sarkin Gobir, akwai masu tambari da kakaki. A birnin Maraɗi, ƙofar Sarkin Katsina, akwai masu algaita da kalangu. Waɗannan suna da ubangida. Sarki ne yake ba su riga da hatsi, su kuma suna yi masa kiɗa.

Akwai kuma wasu irin makaɗa da ba su da ubangida. Su ne masu jita mai aiki da lantarki, waɗanda ake ce wa orkes. Kayan kiɗansu nasu ne. Suna yawo gari gari, wanda yake son ji ya biya kuɗin shiga. Tambayar da iyaye suke yi ita ce: wannan sana'a tana ciyar da gida kuwa?

Inda kiɗan ya fito

Kiɗan orkes gauraye ne. Wani sashensa daga Amurka ya zo. A can akwai baƙaƙen fata, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. A gonakin auduga na kudancin ƙasar suka riƙa waƙar wahala da kewa. Ita ce ake kira buluz. Daga waƙoƙin majami'unsu aka samu sol, waƙar da murya take ɗauke da ita. Sannan fank ya zo, kiɗan rawa mai ganga da ƙarfi. Babban gwaninsa James Brown ne, wanda ya zo Najeriya ya yi wasa a 1970. Shi kuwa rok, kiɗan jita ne mai ƙara.

Rediyo da kaset suka kawo waɗannan kaɗe-kaɗe Nijar. Samari suka ji, suka ga akwai dangantaka da kiɗan gida. Tun shekarun 1970, wata ƙungiya ta garin Tawa mai suna Azna na Adar ta riƙa kaɗa rok tana waƙa da Hausa. A 1987 aka fara gasar Ɗan Gurmu, inda makaɗan zamani na jihohi suke gwada gwaninta. Maraɗi ma ta fitar da nata gwanin, Sa'adu Bori, wanda ya ɗora kiɗan bori a kan jita. A 1994 ya fitar da faifai tare da Musa Fusi, aka sayar da shi har Turai. Ya rasu a 2008.

Labarin Tal Nasiyonal

Ƙungiyar da ta fi nuna yadda makaɗa suke tsayawa da ƙafarsu ita ce Tal Nasiyonal. An kafa ta a Yamai a shekara ta 2000. Ta samu sunanta daga rairayin Tal, kusa da Gigimi a jihar Difa. Wanda ya kafa ta Hamadal Mumini ne, ana yi masa laƙabi da Almeda. Ya yi wasan ƙwallon ƙafa, ya kuma yi aikin shari'a. Da rana yana kotu, da dare yana riƙe da jita.

Ya tara makaɗa daga ƙabilu dabam-dabam: Hausawa, Zabarmawa, Fulani da Buzaye. Kowa ya kawo kiɗan gidansu. Aka haɗa kalangu da jita da gangunan zamani. Aka yi waƙa da harsunan ƙasa.

Ga yadda suka riƙa aiki. Sukan yi wasa dare biyar a mako, wani lokaci awa biyar ba tsayawa. Makaɗan sun fi goma, amma ba duka suke hawa dandali tare ba. In wani ya gaji, wani ya karɓa. In an gayyace su wuri biyu a dare ɗaya, sai su rabu gida biyu. Faifansu kuwa, ba su jira ɗan kasuwa ba. Su da kansu suka riƙa tsayawa a mararrabar hanyoyin Yamai suna sayarwa.

Da Almeda ya ga yana son sauti mai kyau, sai ya ɗauko wani gwanin ɗaukar murya daga birnin Shikago na Amurka, mai suna Jamie Carter. Ya zo Yamai da kayan aikinsa, aka ɗauki waƙoƙin a gida. A 2013 wani kamfani na Ingila, FatCat, ya fitar da faifansu mai suna Kaani zuwa ƙasashen waje. A 2015 suka fitar da Zoy Zoy, a 2018 kuma Tantabara. Suka yi yawon wasa a Amurka, garuruwa da yawa, ƙasar da buluz da rok suka fito.

Wahalar da ke ciki

Kada saurayi ya ɗauka abin shan iska ne. Jita da lasifika da injin wuta suna da tsada. Ƙura da zafi suna lalata su. Mota tana cin mai, hanya tana da nisa. In ruwa ya sauko daren wasa, ko mutane ba su zo ba, hasara ta makaɗa ce. Wata matsalar kuma ita ce kwafi. A da kaset ake kwafa, yanzu waƙa tana yawo daga salula zuwa salula, mai ita bai samu ko dala ba. Saboda haka kuɗin makaɗi yana fitowa ne daga wasa da buki, ba daga faifai ba.

Manoman gandarin Jiratawa sun san irin wannan lissafi. Ruwa na kowa ne, famfo na kowa ne. In kowa ya biya kuɗin ruwa, famfo ya tashi. In wasu suka ƙi biya, albasar kowa ta bushe. Haka orkes yake. Kafin a raba kuɗin wasa, sai an fitar da na mai, da na gyaran kaya, da na ajiya. Ƙungiyar da ta cinye duka a dare ɗaya ba ta kai baɗi.

Ga iyaye da samari

Kiɗan jita yana iya zama sana'a, ba roƙo ba. Amma sai an riƙe shi kamar gona: a fito kullum, a kula da kayan aiki, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Nan ma yaƙi da jahilci yana da rana, don makaɗin da bai iya karatu ba yana iya sa hannu a takardar da za ta raba shi da waƙarsa. Kuma Almeda bai jefar da aikinsa ba don ya riƙe jita. Saurayin da ke son kiɗa ya fara gama nomansa, ya riƙe karatunsa, sannan ya nemi abokan da za su yi amana tare.