Me ke sa injin tsohuwar a-kori-kura yin misin idan tana tsaye?

Direbobin tsofaffin motocin a-kori-kura sun saba da wannan matsala. Mota na tafiya sumul a kan titi, amma da zarar an tsaya a danja ko a bakin kasuwa, sai inji ya fara kakkarwa, sitiyari na rawa, ƙarar salansa na sarƙewa. Can kuma sai ya daidaita kamar babu abin da ya faru.

Makanikai na kiran wannan da suna misin, wato ɗaya daga cikin silindojin injin ya kasa ƙona man da ya shige shi a lokacin da ya kamata.

Abin da ke ɗaure kai shi ne yadda matsalar ke zuwa tana komawa. Sau da dama akan kai mota gareji ta ƙi nuna halinta, makanike ya sauya fulogi a kan zato, a biya kuɗi, bayan kwana biyu ciwo ya dawo.

Ga wanda motar ce hanyar abincinsa, asarar ba ta tsaya ga kuɗin kayan gyara ba. Silindar da ba ta kama wuta ba, ɗanyen fetur take turawa ta salansa, abin da ya ƙara zama nauyi a Najeriya tun bayan janye tallafin mai a watan Mayun 2023.

Dalilin da ya sa sai a silo

Kowace silinda a injin fetur na buƙatar abubuwa uku: cakuɗar iska da mai daidai gwargwado, matsi mai ƙarfi, da kuma tartsatsin wuta daga fulogi. Cakuɗar da ta dace ita ce kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, idan aka auna da nauyi.

Idan mota na tsaye inji na aiki, abin da ake kira silo, injin kan juya ne tsakanin sau 600 zuwa 900 a minti ɗaya. A lokacin ƙofar totur kusan a rufe take, iskar da ke shiga kaɗan ce, kuma injin na zuƙa da ƙarfi ta duk wata kafa da ya samu.

Saboda haka ɗan tsagin da ke jikin tiyo, wanda ba ya da wani tasiri idan an taka totur, a silo yana iya shigar da iskar da za ta rinjayi man, har wuta ta kasa kamawa.

Akasin haka, raunin wuta ya fi bayyana idan an yi wa mota lodi ko tana hawan tudu, domin a lokacin ne matsi ke ƙaruwa a silinda, fulogi kuma ke buƙatar wuta mai ƙarfi. Don haka motar da ke jan kaya lafiya amma take misin a tsaye, ya kamata a fi zargin iska, ko hanyar man silo, ko bawul, kafin a zargi koyil.

Tambayoyi kafin a ɗauko sifana

Tun da matsalar ba kullum take fitowa ba, bayanin direba shi ne rabin binciken.

Idan da safe take yi, ta daina bayan inji ya yi zafi, ana iya zargin gasket ɗin da ke rufe tsaginsa idan ƙarfe ya buɗe saboda zafi. Idan kuwa sai bayan doguwar tafiya take farawa, hankali kan koma ga koyil da ke gazawa da zafi, ko bawul da ya matse. Wadda ke yi da damina ko bayan wanki, akasari laima ce ta shiga murfin distirbuta ko wayoyin fulogi da suka tsattsage. Wadda ta fara bayan shan mai a gefen hanya, sai a duba ko akwai ruwa ko datti a tanki.

Mataki na gaba shi ne gano ko silinda ɗaya ce ke da laifi, ko kuwa misin ɗin yawo yake yi.

A tsofaffin injina, makanike kan cire wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya yayin da inji ke silo. Silinda mai lafiya idan aka yanke mata wuta, injin kan ƙara rawa nan take. Wadda aka cire wayarta ba a ji wani bambanci ba, ita ce abar zargi. Aikin na buƙatar filaya mai rufin roba, domin wutar ta kai dubban bolt.

Daga nan sai a ciro fulogin a karanta shi. Baƙin toka na nuna mai ya yi yawa, fari fat na nuna iska ce ta yi yawa, mai danƙon baƙin mai kuwa na nuna ringi ko robar bawul sun gaji.

Akwai kuma dabarar da ba ta cin ko sisi: a musanya fulogi ko waya tsakanin silinda biyu. Idan misin ya bi abin da aka ɗauke, an kama mai laifi. Idan ya tsaya inda yake, matsalar tana cikin silindar ko hanyar manta.

Iskar da ke shiga ta ɓarauniyar hanya

Yawancin a-kori-kurar da suka daɗe a hanya, kamar Toyota Hilux mai injin 22R da Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, na ɗauke da ƙananan tiyoyin roba da zafi ya busar da su tsawon shekaru. Girgizar inji kan buɗe tsagin ta kuma rufe shi, abin da ke sa misin ɗin ya riƙa zuwa yana tafiya.

Wuraren da ake dubawa sun haɗa da gasket ɗin ƙasan kabureta, da inda bututun shigar iska ya haɗu da kan inji, da kuma babban tiyon da ke zuwa sabon birki. Akan matse tiyoyin ɗaya bayan ɗaya da filaya. Wanda aka matse inji ya daidaita, a nan ɓarakar take. Wasu na fesa man wanke kabureta a mahaɗai suna sauraron sauyin ƙara, sai dai hakan na iya tayar da gobara idan akwai wayar da ke tartsatsi a kusa.

A cikin kabureta kuma akwai wata 'yar siririyar kafa da ke ba inji mai a silo kawai. Ƙwayar datti ɗaya ta isa ta toshe ta na ɗan lokaci, musamman da hunturu idan matatar iska ta yage.

A nan ne wasu makanikai ke ɗaga silo kawai su miƙa makulli. Rawar kan lafa, amma ɓoye ciwon aka yi, kuma motar za ta ƙara shan mai.

Motocin da ke da na'urar EGR, wadda ke mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji, na da nasu dalilin. Ya kamata ta kasance a rufe a silo, amma baƙin da hayaƙi ke tarawa kan hana ta rufuwa wani lokaci.

Abin da kwamfuta ke faɗa

Tun daga ƙirar 1996, Amurka ta wajabta tsarin bincike na OBD-II a motocin da ake sayarwa a ƙasar, kuma da dama daga cikinsu sun shigo Afirka ta Yamma a matsayin na hannu.

Idan aka jona na'ura, lambar P0301 na nufin silinda ta 1 ce ke misin, P0302 ta 2, yayin da P0300 ke nufin misin ɗin ba shi da waje ɗaya. Idan ta zo tare da P0171, alama ce ta iska ta fi mai yawa.

Sai dai lambar wurin ciwo take nunawa, ba musabbabinsa ba. Fitilar inji da ke ƙyaftawa kuwa gargaɗi ne cewa ɗanyen mai na iya ƙona matatar hayaƙin da ke jikin salansa.

Idan wuta da iska da mai duk sun fita daga zargi, saura matsi. Akan auna kowace silinda da ma'auni, kuma bai kamata bambancinsu ya wuce kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Idan ɗaya ta yi ƙasa, sai a zuba mata cokali guda na baƙin mai a sake aunawa. Matsin da ya tashi na nuna ringi ne, wanda bai motsa ba na nuna bawul ko gasket ɗin kan inji, musamman idan ruwan lagireto na raguwa ba tare da an ga yoyo ba.

A injin 22R, tazarar bawul da aka ƙayyade ita ce milimita 0.20 a ɓangaren shigar iska da 0.30 a ɓangaren fitar hayaƙi, inji na da zafi. Idan tazarar ta ƙare, bawul ba ya zama daram a mazauninsa, kuma misin a silo ne alamar farko. Saita shi aiki ne na ƙasa da sa'a guda, amma idan aka ci gaba da tuƙi a haka bawul ɗin kan ƙone, sai an sauke kan inji kafin a gyara.