Maƙoƙon da gishiri ba ya warkarwa

A watan Afrilu, lokacin da zafin Haɗejiya ke hana kowa barcin ɗaki, yayata ta riƙa lulluɓa da bargo. Mun ɗauka zazzaɓi ne. Ta sha maganin maleriya sau biyu, aka koma taifot, daga baya wata gwaggonmu ta ce a nemi rubutu, wai iska ce. Gashinta na zubewa, jikinta ya yi nauyi, al'adarta ta rikice, karatunta na shekarar ƙarshe ya soma tangal-tangal. Sai da wuyanta ya ɗan kumbura aka tura ta Kano gwajin jini, likita ya ce cutar Hashimoto ce.

A gaban maƙogwaro akwai wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi, ana kiranta tayrod. Ita ke fitar da sinadaran da ke saita bugun zuciya, ɗumin jiki da yadda abinci ke zama ƙarfi. Maƙoƙon da kakanninmu suka sani yawanci ƙarancin aidin ke kawo shi, shi ya sa tun 1993 Najeriya ta wajabta sanya aidin a gishiri. Mu mutanen fadama mukan ɗauka kifin kogin Haɗejiya ya wadatar da mu, alhali kifin kogi bai kai na teku aidin ba. Gero ma, idan shi ne kullum kuma aidin ya yi ƙaranci, yana iya rage aikin tayrod, kamar yadda aka gani a Darfur ta Sudan.

Amma ciwon yayata ba na gishiri ba ne. Garkuwar jikinta ce ta ɗauki tayrod a matsayin baƙo, take cinye ta a hankali har aikinta ya ragu. Wani likita ɗan Japan, Hakaru Hashimoto, ne ya bayyana cutar a 1912. Kishiyarta ita ce cutar Graves, inda tayrod ke wuce gona da iri: rama, gumi, rawar hannu, faɗuwar gaba, wani lokaci idanu su firfito. Dukkansu sun fi kama mata, kuma sukan bi jini a dangi. Gwajin TSH da T4 ke nuna ko tsokar ta gaza ko ta zarce, gwajin anti-TPO kuma ya nuna ko garkuwar jiki ce sila.

Yanzu a TikTok da Facebook ana yayata wani salon magani da ke cewa a bi tushen ciwo ta hanyar abinci, barci da rage damuwa. A ganina akwai gaskiya a ciki. Da yayata ta daina kwana kan waya, ta gyara cin abinci, aka kuma magance mata ƙarancin jini, ta fi jin ƙarfi. Inda nake ja da su shi ne masu cewa a yar da ƙwaya. Wani mai talla ya sayar mata da garin magani mai tsada, ya ce ta bar alkama da maganin asibiti. Wata biyu ta koma gidan jiya. Barin alkama yana amfanar mai cutar hanjin da alkama ke tayarwa ne, ba kowa ba. Ƙarin aidin barkatai kuwa yana iya tsananta Hashimoto.

Ƙwayar da take sha, levothyroxine, tana maye gurbin sinadarin da jiki ya kasa samarwa, kuma galibi sha ne na har abada. Ana shan ta da ruwa zalla, ciki babu komai, a jira minti 30 zuwa 60 kafin koko ko shayi. Maganin ƙarin jini da na ƙashi sai bayan awa 4, don suna hana ta shiga jiki. Da azumi ya zo, likita ya tsara mata ta riƙa farkawa kafin sahur ta sha. Ya kuma ja kunnenta cewa duk ranar da ta samu juna biyu ta garzaya a sake gwaji, domin buƙatar maganin na ƙaruwa kuma ƙwaƙwalwar jariri na dogara da shi. Ta koma makaranta, bargon kuma sai hunturu ya kama take nemansa.