Wa Ya Miƙa Mata Ƙwayar?

Ranar 17 ga Fabrairun 2022, mu a Funtuwa muna fama da jelar hunturu, leɓe duk ya tsattsage, wata yarinya 'yar shekara 15 ta fito kan ƙanƙara a birnin Beijing na ƙasar Sin, duniya ta zuba mata ido. Sunanta Kamila Valieva, 'yar Rasha, haifaffiyar Kazan. Kwana goma kafin nan ta yi abin da mace ba ta taɓa yi ba a gasar Olamfik: ta daka tsalle, ta juya sau huɗu a sama, ta dira da ƙafa ɗaya. Amma ran nan ƙafa ta ƙi ta. Ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗuwa, ta ƙare a ta huɗu. Da ta fito tana kuka, kociyarta Eteri Tutberidze ba ta tare ta da lallashi ba, tambayarta ta shiga yi me ya sa ta karaya. Kashegari shugaban kwamitin Olamfik na lokacin, Thomas Bach, ya ce abin da ya gani ya sanyaya masa jiki.

Wasan nata ba irin namu ba ne, sai an ɗan fayyace. Fili ne na daskararren ruwa, santsinsa ya fi na daɓen da aka zuba wa ruwan kuɓewa. Mai wasa yana sa takalmi da aka dasa wa siririn ƙarfe a ƙasa kamar wuƙa, a sa kiɗa, ya yi ta zamiya yana rawa yana tsalle, alƙalai suna ba shi maki. Juyi huɗun nan kuwa ana gama shi ne kafin daƙiƙa ɗaya ta cika. Jikin da ya fi iya shi shi ne marar nauyi, mai siririn ƙugu, wato jikin yarinyar da ba ta gama zama budurwa ba. Shi ya sa makarantar Tutberidze a Mosko ta riƙa fitar da zakaru 'yan 15 da 16, waɗanda da yawansu kafin su kai 20 ciwon baya ko na ƙugu ya sallame su, wata ƙaramar ta maye gurbi.

Abin da ya karya wa Valieva gwiwa a ranar ba santsi ba ne. Tun 25 ga Disamban 2021 aka ɗebi fitsarinta a gasar ƙasarsu a birnin Saint Petersburg, aka aika ɗakin gwaji na Stockholm a Suwidin. Sakamako bai fito ba sai bayan mako shida, ta riga ta taimaka wa tawagar Rasha ta zo ta ɗaya a gasar rukuni. An sami wani magani mai suna trimetazidine. Maganin tsofaffi ne masu ciwon ƙirji, waɗanda jini ba ya isa zuciyarsu yadda ya kamata. Zuciya tana samun ƙarfinta ne daga ƙona kitse ko sukari, kuma ƙona kitse ya fi cin iskar da muke shaƙa. Wannan magani yana karkata ta zuwa ga sukari, sai ta yi aikinta da iska kaɗan, kamar matar da ta bar murhun duwatsu uku ta koma mai tattalin itace. An hana shi a wasanni tun 2014, saboda ana ganin zai iya sa mutum ya daɗe yana atisaye bai gaji ba.

Lauyoyinta suka ce maganin kakanta ne, ya gauraya da wani kayan zaƙi da ya haɗa mata. Kwamitin ladabtarwa na Rasha ya ce ba ta da laifi. Hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, ta ce ba ta yarda ba, aka tafi kotun wasanni da ke Lausanne a Suwizalan. Ranar 29 ga Janairun 2024 kotu ta ce labarin kaka bai tsaya da ƙafarsa ba, ta dakatar da ita shekara huɗu daga ranar da aka ɗebi fitsarin, ta soke duk nasarorin da ta samu tun daga nan. Zinaren rukuni ya koma hannun Amurka, aka miƙa musu shi a Faris a Agustan 2024.

A cikin takardun hukuncin akwai wani layi da ya fi hukuncin kansa tsaya mini a rai. Tsakanin Janairun 2020 da Disamban 2021, wato tana 13 zuwa 15, an ba yarinyar nan magunguna da abubuwan gina jiki iri 56. Ba haramtattu ba ne, amma iri 56! Wace 'yar shekara 13 ce za ta zauna ta tsara wa kanta wannan? Akwai likita, akwai koci, akwai hukuma. Amma da aka zo yanke hukunci, sunan mutum ɗaya ne a takardar dakatarwa, kuma shi ne mafi ƙanƙanta a cikinsu.

Dokar wasanni haka take: abin da aka samu a jikinka naka ne, ko ka sani ko ba ka sani ba. Akwai hikima a ciki, don da an buɗe ƙofar "ban sani ba", kowa ta nan zai fice. Sai dai an ɗinka rigar ne don baligi, aka zura wa yaro. A Sidni a 2000, Andreea Răducan 'yar Romaniya, mai shekara 16, ta rasa zinarenta na wasan alkafura saboda ƙwayar mura da likitan tawagarsu ya ba ta da hannunsa. Mu ma muna da tamu. A gasar ƙasashen renon Ingila ta 2014 a Glasgow, Chika Amalaha, ita ma 'yar 16, ta ci wa Nijeriya zinare a ɗaga ƙarfe ajin kilo 53. Ba a jima ba aka sami amiloride da hydrochlorothiazide a fitsarinta, magungunan hawan jini masu sa yawan fitsari, waɗanda ake sha don zubar da ruwan jiki a faɗa cikin ajin nauyi ko a ɓad da sawun wani maganin. Aka ƙwace zinaren aka ba Dika Toua ta Papua New Guinea. Sunan Chika ne ya zagaya jaridun duniya. Na wanda ya koya mata haɗin, ba mu ji shi a rediyo ba.

Mai karatu a Kafur ko Bakori zai ce, to, mu ina ruwanmu da masu rawa a kan ƙanƙara? Ni ma da haka na ɗauka, sai da wata damina ta gyara mini zama.

Lokacin noman farko ne, ciyawa ta taso wa masara kamar da gayya, kowa yana neman 'yan ƙwadago a rana ɗaya. Na fita da sassafe wajen mai shayin da suke taruwa. Samari ne su bakwai, fartanya a kafaɗa, ƙaramin cikinsu muryarsa ma ba ta gama buɗewa ba. Muka yi jinga da uban tafiyarsu a kan gona guda. Kafin su tashi sai na ga ya zaro wani falle daga aljihu, ya ɓalle ƙwayoyi yana jefawa a kofunan ruwan bunu, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai raba goro. Da ya zo kan ƙaramin sai na ce, "Kai, har da wannan yaron?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, in bai sha ba ai kafin azahar mun bar shi a baya. Kunya ɗaya za mu ba shi kamar kowa, kuma kuɗinsa ɗaya da na kowa." Yaron bai ce uffan ba, ya kurɓe. Ni ma ban ƙara magana ba, don ina son a gama mini gonar a ranar. Kuma an gama ta kafin la'asar. Na biya, har na yaba musu.

Abin da suka sha shi ne tramadol, wanda aka fi sani da tiramol. Maganin ciwo ne na asibiti, dangin mofin, ana ba wanda aka yi wa tiyata ko mai karaya. Aiki biyu yake yi a ƙwaƙwalwa: yana toshe saƙon zafi, yana kuma ɗaga wasu sinadarai masu sa mutum ya ji garau. Bai ƙara wa tsoka ko da ƙwayar zarra ta ƙarfi ba. Gajiya da ciwon baya ƙararrawa ce da jiki ke kaɗawa cewa a dakata; tiramol igiyar ƙararrawar yake tsinkewa, aikin ɓarna kuwa yana ci gaba a cikin gaɓoɓi. Hukumar NAFDAC ta amince ne da mai ƙarfin miligiram 50 da 100 kawai, kuma likita ba ya wuce 400 a yini ga babban mutum. Wanda ake fasa-ƙwaurinsa, yawanci daga Indiya, akwai mai 225, akwai mai 250. Guda biyu sun haura iyakar yini ga ƙato, balle yaro mai cikin da ba komai sai shayi. A nan ne ake samun wanda zai yanke jiki ya faɗi a tsakiyar kunya yana jijjiga, kumfa a baki, a ce iska ce ta buge shi, a nemo mai tofi. Jiki kuma yana sabawa: wanda ɗaya ta ishe shi bana, baɗi sai uku, ranar da bai samu ba kuwa sai zufa da hamma da ciwon gaɓɓai, ko tsinke ba ya iya ɗagawa. Ya fara sha don ya yi aiki, ya koma yin aiki don ya sha.

Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya fitar tare da gwamnatin Nijeriya a farkon 2019 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 da suka sha wani abu mai sa maye a cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramol da kodin suka sha. An hana maganin tari mai kodin a Mayun 2018, bayan rahoton BBC da ya tayar da ƙura, kuma NDLEA ba ta daina kama kwantenoni a tashoshin ruwa ba. Amma duk muna kiran abin da suna ɗaya: shaye-shaye. Kalmar tana kawo mana hoton zauna-gari-banza a kango. Ba ta kawo hoton yaro mai neman halaliyarsa, wanda ya riga kowa tashi, wanda babba ya ɗora wa aikin da ya fi ƙarfinsa sannan ya miƙa masa abin da zai sa ya ɗauka. Wannan ba don nishaɗi ya sha ba. Shi da Valieva sana'arsu ɗaya.

Su ma masu wasanni sun gane tiramol a makare. Hukumar tseren keke ta hana shi a 2019, har ta soke matsayi na shida da Nairo Quintana na Kwalambiya ya samu a tseren Faransa na 2022. WADA ba ta sa shi cikin haramtattu a lokacin gasa ba sai 1 ga Janairun 2024. Wato abin da zai sa a kori ɗan wasa a Turai, shi ake ɓallewa a shayi a bakin hanyar Malumfashi.

Da kaka ta yi, an tsince auduga an kai masara rumbu, sai kalangu ya tashi, a buɗe fagen dambe. Neman taimako a fage ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ɗan dambe yana shiga da laya da kambu da guru, an yi masa wanka an ba shi rubutu, kuma ba a ɓoye ba, da su ake yi masa kirari. Abin da ya canja shi ne yanzu akwai abin da ake haɗiya a bayan rumfa wanda ba malami ne ya bayar ba. A dambe haɗarin ya ninka, domin wanda ba ya jin zafi ba ya sanin lokacin da ya kamata ya faɗi. Ƙananan da ake fara sharar fage da su kafin manya su fito, su ne suka fi ba ni tsoro: suna kallon abin da ubangidansu yake yi, kuma ba mai ɗibar fitsarin kowa. Yanzu da dambe ya shiga intanet, ana sa kyautar mota da babur, kuɗin da ke cikinsa ya kai a fara tambayar abin da yaran suke sha da wanda yake saya musu.

Bayan abin da ya faru a Beijing, hukumar wasan ƙanƙara ta duniya ta zauna a Yunin 2022 ta ɗaga shekarun shiga gasar manya daga 15 zuwa 17. Ba su iya kama hannun da ya miƙa ƙwayar ba, sai suka janye yaran daga inda hannun yake kaiwa. Ko ba komai sun yarda cewa matsalar ta manya ce. Mu a nan babu hukumar da za ta ce ɗan shekara 14 kada a ba shi kunya daidai da ta ɗan 25. Mai gona ne zai faɗa, ko uban tafiya, ko mai kemis ɗin da ya san sarai ba karaya ce ta kawo yaron ba. Mai gona kuwa lissafinsa a fili yake: taki ya yi tsada, ruwa ba ya jira, jingar da za a gama yau ta fi wadda za a kwana biyu ana yi.

Wa'adin Valieva ya cika ranar 25 ga Disamban 2025, tana da shekara 19, shekarun da a makarantarsu ake ganin mace ta tsufa. Yaron da ya nome mini masara kuwa, na sake ganinsa bayan damina biyu a kasuwa ranar da ake lodin hatsi, yana dakon buhu mai kilo ɗari. Ya yi tsawo, wuya ya yi kauri, idanu jajur. Ya gane ni, ya sauke buhun ya durƙusa ya gaishe ni.

"Baba, bana in za a yi maimai a neme ni," in ji shi. "Yanzu ni ke da yara."